Sara, Suka da Duka: Yadda Kalmomin Makamai Suka Cakuɗe a Wasannin Intanet

Makalar wannan mako za ta kai mu wani fage da yawancinmu ba mu saba takawa ba, wato wasannin kwamfuta na intanet, irin waɗanda mutum yake shiga rigar wani jarumi, ya rataya takobi ko ya saɓa gatari, ya haɗu da dubban mutanen da bai taɓa gani ba a fita farautar dodanni. Wanda bai taɓa wasan ba kada ya ja da baya. Abin da ya kawo mu shi ne kalmomin da masu wasan suke faɗin irin illar makami da su, da yadda aka yi suka cakuɗe har ta kai wanda ya shekara goma yana wasa ɗaya, in ya koma wani sai ya zama kamar ɗan ƙauye a babbar tasha.

A wurin Bahaushe lissafin gajere ne. Makamin hannu hanya uku yake bi ya illata mutum: sara, suka, duka. Takobi da gatari su yi sara, mashi da tsinin wuƙa su yi suka, kulki da guduma su yi duka. Yaro ɗan shekara bakwai ya san bambancin. To amma ku leƙa wasannin nan ku ga abin mamaki. Sukar nan guda ɗaya, wani wasan ya kira ta “piercing”, wani “thrust”, wani “stab”, wani kuma “puncture”. Duka ya fi ta yawan sunaye: “bludgeoning”, “blunt”, “crush”, “strike”, “impact”. Sara ne kaɗai ya tsira da suna kusan ɗaya, “slash”. Da nan abin ya tsaya, da sai mutum ya zauna ya haddace. Inda gizo ke saƙar shi ne, kalma ɗaya tana iya nufin abu uku a wasanni uku, kuma wanda ya fahimce ta a karkace zai iya ɓata makonni yana tara kuɗin sayen makamin da ba zai amfane shi da komai ba.

Da muka bi sawun kalmomin, abin da muka gano shi ne kusan babu wadda aka raɗa don siffanta rauni. Kowacce sunan wata ƙa'idar lissafi ce, wadda wani mutum ya ƙago don ya warware matsalar da ke gabansa a lokacin. Matsalar ta wuce, kalmar ta zauna.

Tushen abin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A shekarar 1824 wani matashin hafsan sojan Prusha, ƙasar da yau wani ɓangarenta yake cikin Jamus, mai suna Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wani wasan yaƙi da ake yi a kan taswira, ana jefa ɗan lido don a san asarar da harbi ya yi wa runduna. Rundunar ƙasar ta karɓe shi don horar da hafsoshi. Daga nan aka gaji dabarar mayar da ɓarnar makami ta zama lamba. Bayan shekaru da yawa abin ya fita daga bariki ya zama sha'awar fararen hula. A 1971 Gary Gygax da Jeff Perren a Amurka suka fitar da ɗan littafin ƙa'idojin yaƙin zamanin takobi da doki mai suna Chainmail, wato sulke. A cikinsa akwai jadawalin da ke gwada kowane makami da kowace irin kariya, amma bugu ɗaya in ya samu mutum, shi ke nan an gama da shi.

Wannan mutuwar farat ɗaya ce ta dami abokan wasan Dave Arneson a jihar Minesota. Mutumin da ya ɗauki makonni yana renon jarumi guda ba zai so jifa ɗaya ta ɗan lido ta raba su ba. Arneson da kansa ya bayyana daga baya cewa maganin ya aro shi ne daga ƙa'idojin wasan yaƙin jiragen ruwa masu sulken ƙarfe na lokacin yaƙin basasar Amurka. Jirgi ba ya nutsewa da harbin igwa ɗaya, yana da adadin ɓarnar da zai iya shanyewa. Sai ya ba mutum irin wannan adadi, wanda za mu kira makin rai. Ku tsaya ku duba wannan da kyau: duk jarumin da ke cikin wasannin nan har yau, ana lissafa jikinsa ne kamar jikin jirgin ruwa. Shi ya sa mai maki ɗaya kacal yake tsalle yana sara kamar lafiyayye.

A 1974 Gygax da Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, ƙananan littattafai uku a cikin kwali, ana wasan da takarda da fensir da ɗan lido. Abin da zai ba masu wasan yau mamaki shi ne a wannan bugu na farko duk makamai illarsu ɗaya: tsakanin 1 da 6. Wuƙa da zabgegen takobi babu bambanci. Rabe-raben farko da ya shigo ma bai shafi rauni ba. An hana jarumin da ke matsayin mai hidimar addini riƙe makami mai kaifi, sai kulki da makamantansa, kuma a aikace wannan ya hana shi cin moriyar takubban tsafi, waɗanda suka zama rabon mayaƙi. Ke nan raba makamai gida biyu, mai kaifi da marar kaifi, ya fara ne a matsayin rabon gado tsakanin 'yan wasa.

Shekara ɗaya bayan nan, ƙarin littafi mai suna Greyhawk ya ba kowane makami nasa adadin: wuƙa 1 zuwa 4, takobi 1 zuwa 8, takobin hannu biyu 1 zuwa 10. A 1977 kuma littafin dodanni na wasan ya zo da wata ƙa'ida da ta bi duniya: ƙwarangwal mai tafiya rabin illa kawai yake ɗauka daga makami mai kaifi. Hankali ya yarda da wannan, domin me za ka sara a jikin da babu tsoka? Har gobe, in kuka ga tsohon ɗan wasa ya ajiye takobi ya ɗauko guduma da ya hango ƙwarangwal, wannan layin na 1977 ne yake bi, ko ya san da shi ko bai sani ba. Sai a bugu na biyu na babban tsarin wasan, a 1989, aka jera makamai ƙarƙashin haruffa uku, B da P da S, wato duka da suka da sara, tare da jadawalin da ke cewa sulken zobba yana tare sara sosai amma ba ya jure duka. Wannan ma gaskiyar duniya ce. Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla ya ga mai sulke ya ga ɗan lifida zai gane dalilin: zoben ƙarfe yana hana kaifi shiga, amma nauyin bugu sai abu mai kauri da taushi ne yake shanye shi. Ku riƙe maganar sulken nan, za mu dawo kanta.

Zuwa nan kalmomin suna hannun marubuta littafi, masu lokacin zaɓar kalma. Daga nan sai suka faɗa hannun ɗaliban jami'a masu rubuta manhaja da tsakar dare.

A 1978 Roy Trubshaw ya fara rubuta wani wasa a kwamfutar Jami'ar Essex a Ingila, Richard Bartle ya haɗu da shi ya ci gaba da aikin. Sunan wasan MUD. Babu hoto ko ɗaya, rubutu ne zalla: ka rubuta abin da za ka yi, kwamfuta ta rubuto maka abin da ya faru, kuma mutane da yawa suna ciki a lokaci guda. Bartle ya kira halittun da ke yawo da kansu a cikin wasan “mobiles”, ma'ana masu motsi, 'yan wasa suka gutsure ta koma “mob”. Matsalar ita ce Turanci yana da wata “mob” tun da can mai nufin gungun 'yan tarzoma, don haka har yau sabon shiga in an ce masa ya kashe “mob” guda sai ya tsaya neman taro. Gutsure kalma kuwa dole ce ta kawo shi. Mutumin da dodo yake duka, yana kuma buga haruffa da yatsu don ya nemi agaji, ba shi da lokacin cika kalma.

A 1991 wasu ɗalibai a sashen nazarin kwamfuta na Jami'ar Kofanhegan ta ƙasar Denmak suka saki nasu mai suna DikuMUD, suka bar kowa ya kwafi manhajar ya gina nasa. Ɗaruruwan wasanni suka fito daga cikinsa. A nan nau'in makami ya sami sabon aiki: shi ne yake zaɓar aikatau da kwamfuta za ta rubuta, ko ta ce ka sare shi, ko ka soke shi, ko ka kirɓa shi. Sannan ɓarawo ba zai iya sukar bayan fage ba sai da makamin suka. To a cikin wannan manhaja akwai inda ake ajiye ƙananan umarni na musamman da ake liƙa wa wani dodo ko wani makami, misali takobin da jefi-jefi yake fitar da wuta. Masu manhajar suna kiran su “special procedures”, a taƙaice “spec_proc”. 'Yan wasa da yawa a lokacin su ne kuma masu gina wasan, sai kalmar ta tsallako daga ɗakin aiki zuwa bakin jama'a: in takobi ya fitar da wutar sai a ce ya yi “proc”.

Wannan kalma ta fi kowacce burge mu, saboda abin da ya same ta daga baya. Da aka samu sabbin 'yan wasa miliyoyi waɗanda ba su taɓa ganin cikin manhajar Diku ba, sai suka dubi haruffan huɗu suka ƙaga musu asali, suka ce ai taƙaitawa ce ta “programmed random occurrence”, wato abin da aka tsara ya riƙa faruwa bisa sa'a. Bayanin ya zauna daram, ya fi na gaskiyar daɗin ji, kuma har yau ana maimaita shi. Mu da muke son bin asalin kalmomi mun san wannan tarko: in bayanin asalin kalma ya cika dacewa, a sake bincike.

A ƙarshen shekarun 1990 hoto ya shigo. Ultima Online ya fito a 1997, kuma da shi ake danganta kalmar “nerf”. Nerf sunan kayan wasan yara ne da ake yi da soso. Da kamfani ya rage ƙarfin takubba, sai 'yan wasa suka yi ta ƙorafin cewa yanzu kamar da sandar soso suke dukan juna. Yau duk abin da aka rage wa ƙarfi an yi masa “nerf”. EverQuest ya biyo baya a 1999, kuma ya yi kama da Diku ƙwarai har aka yi ta zargin an kwafi manhajar, sai da masu shi suka ba da takardar rantsuwa a shekarar 2000 cewa ba su kwafa ba. Manhaja dai ba su ɗauka ba, amma kalmomi sun biyo su kaf. A nan aka raba gwanintar makami zuwa sara da hannu ɗaya, sara da hannu biyu, duka da hannu ɗaya, duka da hannu biyu, da suka, 'yan wasa kuma suka mayar da su 1HS da 2HS da 1HB da 2HB. Ɓarawon EverQuest ma sai da makamin suka yake sukar bayan fage, kamar kakansa na Kofanhegan.

Kowane makami a wasan yana ɗauke da lamba biyu: illarsa da jinkirinsa. Takobi mai illa 10 da jinkiri 30 yana sara sau ɗaya duk daƙiƙa uku. Tunda lambar farko ita kaɗai ba ta gaya maka komai, 'yan wasa suka koma lissafin illar da ake yi a kowace daƙiƙa, suna kiranta DPS. Ba a jima ba ma'aunin ya zama sunan mutum. A ce “muna neman DPS biyu”, ana nufin 'yan wasa biyu da aikinsu kai farmaki. Kamar a ce a kira direba da sunan “kilomita a awa”. Haka DD, wanda a EverQuest yake nufin illar tsafi mai sauka nan take, kishiyar DoT mai ci a hankali kamar dafi, a wasu wasannin kuma yake nufin mutumin da ke yin illar.

Daga 2001 kamfanoni suka yawaita, kowa ya zaɓi kalmominsa. Dark Age of Camelot ya ce “slash, thrust, crush”, kuma jadawalin wace kariya ke jure wane makami ba iri ɗaya ba ne a masarautu ukun da ke wasan. RuneScape na Ingila ya ce “stab, slash, crush”. Wasannin Japan suka zo da nasu ta hanyar fassara: abin da Dark Souls na 2011 ya kira “strike” a Turanci, a Japananci “dageki” ne, wato bugu. Kamfanin da ya yi shi ma bai tsaya kan magana ɗaya ba, domin sukar da ya kira “thrust” a 2011 ta koma “pierce” a Elden Ring na 2022.

Yanzu mu koma kan sulke. A tsohon tsarin RuneScape, rigar sulken zobba ta fi jure duka a kan sara da suka, wato kishiyar jadawalin 1989 kuma kishiyar abin da maƙeri zai gaya maka. Wanda ya shigo da ilimin tsohon wasa, ko ma da hankalin duniya, sai ya zaɓi makamin da bai dace ba. Bugu da ƙari, a tsohon tsarin wannan wasa nau'in makami ba ya ƙara yawan illar ko kaɗan, abin da yake canzawa shi ne yiwuwar bugun ya samu. Ga kalmomi uku iri ɗaya da na maƙwabta, amma aikinsu daban.

“Pierce” ta fi kowacce yaudara. A gidan Dungeons & Dragons tana nufin nau'in rauni, suka. A Diablo II na shekarar 2000 tana nufin kibiya ta huda dodo ta wuce ta samu na bayansa. In kuma aka haɗa ta da kalmar sulke, sai ta koma nufin makamin da ke yin biris da wani kaso na kariyar abokin gaba. A nan Hausa ta fi sauƙin kai, domin muna da suka, muna da hudawa ta ɓulla, muna da keta kariya, kuma ba mai ɗaukar ɗaya a matsayin ɗaya. Duk wanda zai fassara irin wannan rubutu ya buɗe ƙamus ya ɗauki ma'anar farko, sau biyu cikin uku ƙarya zai rubuta. Haka “crushing blow”: a Diablo II baiwa ce a jikin makaminka, mai zaftare kashi ɗaya cikin huɗu na ran da ya rage wa dodo na gama-gari. A World of Warcraft na farko kuwa masifa ce da ke sauka a kanka, in dodon da ya fi ka matsayi da hawa uku ya yi maka bugu mai ninki ɗaya da rabi. Wasannin biyu kuma na kamfani ɗaya ne, Blizzard.

World of Warcraft ya fito a ƙarshen 2004, ya kai masu biyan kuɗin wata miliyan 12 a 2010, don haka duk kalmar da ta shiga bakin 'yan wasansa ta shiga duniya. A nan aka samu “farar illa” da “rawayar illa”. Wanda ya ji zai zaci wani sihiri ne na haske. Alhali launin lambobin da ke tashi a kan dodo ne kawai: bugun da jarumi yake yi da kansa ba tare da an danna komai ba yana fitowa da fari, na dabarar da ka danna yana fitowa da rawaya. Wani mai zane ne ya zaɓi launukan don ido ya bambance, sai suka zama sunan ƙa'idoji biyu masu lissafi daban. Akwai kuma zubar jini, wanda wasan yake lissafa shi cikin illar jiki, amma sulke ba ya rage shi, alhali aikin sulke ke nan a kan duk sauran illar jiki.

Wani lokacin ma lambar da kanta ce take ruɗi. A Monster Hunter: World na 2018, ƙarfin da ake nunawa a jikin makami an riga an ninka shi da wani adadi gwargwadon nau'insa, don babban makami ya yi kama da mai ƙarfi. Na zabgegen takobi ana ninkawa da 4.8, na tagwayen wuƙaƙe da 1.4. Ke nan takobin da aka rubuta wa 960 da wuƙaƙen da aka rubuta wa 280 asalin ƙarfinsu ɗaya ne, 200. 'Yan wasa ne suka tono wannan, suka raɗa wa lambar allo suna mai nufin kumburi, ta gaskiyar kuma suka kira ta “true raw”, ɗanyen ƙarfi na ainihi. A nan ba za mu ga laifinsu ba. Kalmar tasu ta fi ta kamfanin gaskiya, kuma a Monster Hunter Rise na 2021 lambar ainihin aka nuna. A wannan jerin wasanni dai sara da duka suna da aikin da ido ke gani: mai sara yana datse wutsiyar dodo, mai duka in ya nace a ka sai dodon ya sume.

Misalin da muke so kowane marubuci a cikinmu ya yi wa kallon tsanaki shi ne na Path of Exile, wanda wani kamfani a Niyu Zilan ya fitar a 2013. Wasan yana amfani da kalmomi biyu, “increased” da “more”, waɗanda a maganar yau da kullum duk ƙari suke nufi. A cikinsa kuwa ta farko tarawa ake yi, ta biyu ninkawa. Ɗauki makami mai illa 100. In ka samu ƙarin kashi 50 sau biyu na nau'in farko, za a haɗa su su zama kashi 100, illarka ta koma 200. In na nau'i na biyu ne, 100 ta zama 150, sannan 150 ta zama 225. Tazarar tana faɗaɗa in an yi nisa: wanda ya riga ya tara ƙarin kashi 300 yana kan 400, sabon kashi 50 na farko zai kai shi 450, na biyu kuwa 600. Masu wasan sun tsare wannan bambanci ba sa kaucewa, kuma muna yaba musu a kan haka. Inda muke ganin gazawarsu shi ne zaɓar kalmomi biyu da kunne ba ya rarrabewa su ɗora musu kaya mai nauyi haka. Da mu ne za mu sa shi a Hausa, “ƙarin tari” da “ƙarin ninki” za mu ce, kuma mai karatu zai gane tun kafin a yi masa lissafi.

Yawan nau'o'in ma ƙaruwa ya yi ta yi. Dungeons & Dragons da ya fara da illa ɗaya ga kowa, a bugunsa na 2014 yana da iri 13. Warframe na ƙasar Kanada, tun gyaran da aka yi masa a ƙarshen 2013, yana da duka da suka da sara, waɗanda 'yan wasa suka dunƙule suka kira IPS, sai zafi da sanyi da lantarki da guba, sannan kowane biyu cikin huɗun nan in sun haɗu su haifi wani sabo, guda shida ke nan. Lantarki da guba su ba da mai cin ƙarfe, sanyi da guba su ba da mai kama da annoba. A can in ka ji an ce “slash proc”, zubar jini ake nufi: rabin kalmar daga teburin takarda da fensir, rabin daga fayil ɗin ɗaliban Denmak.

A 2010 Blizzard ya soke gwanintar makami daga World of Warcraft baki ɗaya. Wannan ita ce tsohuwar ƙa'idar da ke cewa sai ka yi ta sara da gatari kafin hannunka ya faɗa da gatari, kuma ƙwarewarka a takobi ba ta bin ka zuwa guduma. Waɗanda suka fara wasan bayan nan ba su ma san an taɓa yin ta ba. Sai a watan Agusta na 2019 kamfanin ya dawo da tsohon wasan kamar yadda yake a da, da sunan World of Warcraft Classic, ƙa'idar ta dawo tare da kalmominta. Sabbin 'yan wasa suka tarar cewa kimanin kashi 40 cikin ɗari na fararen bugunsu a kan manyan dodanni goga kawai suke yi, abin da ake kira “glancing blow”, illar ta ragu, kuma maganin shi ne gwanintar makami ta haura 300 ko da da maki biyar ne. Jarumi ɗan Adam ana haifarsa da ƙarin biyar a takobi da guduma, ɗan ƙabilar Orc yana da nasa a gatari. Sauran kuwa sai su nema a kasuwa. Akwai wata safar hannu ta sulke mai suna Edgemaster's Handguards, kayan matsakaitan jarumai, wadda ba ta ƙara ƙarfi ko kuzari, sai maki bakwai a gwanintar takobi da gatari da wuƙa. Ta zama ɗaya daga cikin kaya mafi tsada a kasuwar wasan, mayaƙan da suka kai ƙololuwar matsayi suna zubar da zinariyar da suka yi makonni suna tarawa don su same ta. Mai guduma kuwa ko kyauta aka ba shi ba ta yi masa komai, domin sunan makaminsa ba ya cikin ukun da aka rubuta a jikinta.